Giɓin Kantin Alhaji Gwadabe

Karaye, 12 ga Mayu, 1991

Zuwa ga Kawu Halliru, Gwangwan.

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gida duka. Yaya gwiwar nan taka? Sulle direba ya ce ya gan ka ranar kasuwar Rogo kana dogara sanda, abin da ban saba ji ba. Ina gaida Hajo da maigidanta da yara. Na san ita za ta karanta maka, to Hajo, ki zauna ta hannun damansa, kin san kunnen hagun sai a hankali.

Ni lafiyata ƙalau. An yi ruwan shuka a nan ranar Talata, ina fata ya kai gare ku.

Ga naira ɗari a hannun Sulle. Na san ɗari da hamsin na yi alkawari saboda takin zamani, shi ya sa nake so ka ji dalili daga bakina.

Tun da aka fara aikin madatsar ruwa ta Challawa, kantin Alhaji Gwadabe ba ya rabuwa da mutane. Ƙarshen wata ma'aikata har layi suke yi, wannan sukari, wancan madara, wani sabulu da batir. Sai Alhaji ya sayo injin karɓar kuɗi daga Kano, ya ce ni zan zauna a kansa tunda ni na yi boko. Duk abin da aka saya in danna, injin ya rubuta a wata doguwar takarda, durowar kuɗi ta buɗe da ƙara kamar ƙararrawar keke. In za a tashi sai a gwada abin da takarda ta ce da abin da ke cikin durowa. In bai cika ba, Alhaji ya ce daga albashina za a cike. Watan jiya naira arba'in da shida aka yanke mini cikin ɗari uku.

Kawu, ba zan ce ba na kuskuren canji ba, amma ba na arba'in da shida ba. Mabuɗin durowar biyu ne. Ɗaya yana wurina, ɗaya yana wurin Jibo, ƙanin Alhaji mai kula da sito. In na fita azahar ko la'asar shi ke zama. Wani lokaci ma a gabana zai buɗe ya zari ashirin, ya ce, "Zan gaya wa Yaya." Da na ɗan taɓa maganar, Alhaji ya kalle ni ya ce, "Kana nufin ɗan'uwana ɓarawo ne?"

Kai ka kawo ni wurin nan, kai ka tsaya mini, ba na so in yi abin da zai taɓa sunanka. Ka ba ni shawara.

Ɗanka,
Lukumanu

Gwangwan, 26 ga Mayu, 1991

Zuwa ga ɗana Lukumanu, daga Halliru, da hannun 'yata Hajo.

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, mun ga saƙo, Allah ya yi albarka. Mu nan sai godiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, in hadari ya haɗu ita ke fara gaya mini. Mun shuka gero da dawa, gyaɗa sai an ƙara ruwa. Bajiman noma biyun nan sun fita rani da ƙiba, baƙin har ya karya wa maƙwabci danga. Bana in Allah ya yarda ba za mu nemi garmar kowa ba.

Na ji maganar kanti. Ga abin da na sani. Ina saurayi na yi wa wani mutumin Beli kiwo. Wata rana karsana ta ɓace mini a daji. Mahaifina bai tsaya tambayar ko kura ce ko ɓarawo ba, ya kwance tasa ya kai wa mai shanu. Da aka ba ka durowar nan kai aka ba, kai za a tambaya. Arba'in da shida ba ta kai a ɓata zaman shekara talatin ba, don tun muna haɗuwa a kara, kasuwar shanu, nake tare da Gwadabe, kuma da na kai ka na ce masa, "Wannan in ya ci maka kwabo, ni na ci."

Ka bar maganar Jibo. Ba a shiga tsakanin mutum da ƙaninsa. Ka dinga ƙirga kuɗin kafin ka fita salla, ka ƙirga in ka dawo, ka yi haƙuri.

Mahaifiyarka 'yar baffana ce, ba uwa ɗaya uba ɗaya muke ba, amma tun kana shekara shida da ta rasu ban taɓa bambanta ka da Hajo ba. Ba gona na bar maka ba, ba garke ba. Abin da na iya ba ka shi ne a ce ɗan gidan Halliru ne, a buɗe maka ƙofa. Ka riƙe wannan.

In an ba ka hutun Babbar Salla ka zo.

Karaye, 9 ga Yuli, 1991

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi muku barka da Salla duk da ta wuce. Yaya gwiwa, yaya damina? Ina fata an yi huɗa lafiya. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma rashin zuwana da Salla ba raini ba ne.

Na bi shawararka, ina ƙirgawa kafin salla da bayanta. Har na sayi ɗan littafi ina rubuta duk abin da Jibo ya zara, da rana da lokaci. Ka kawo mini misalin kiwo, na kuma yi ta juya shi. Amma Kawu, ranar da karsanar ta ɓace kai kaɗai ne da garken. Ni mu biyu ne da mabuɗi.

Satin Salla an yi cinikin da ban taɓa gani ba. Alhaji ya yi tafiya Kano kwana uku, ya ce a dinga ba Jibo cinikin kowace rana ya ajiye. Na ba shi, a gaban Ɗanmaliki mai awon shinkafa. Da Alhaji ya dawo aka gwada da takardar inji, sai ga giɓi. Jibo ya rantse iyakar abin da na ba shi ke nan.

An ce na ci kuɗin kanti, naira dubu uku da ɗari biyu. A gaban masu sayayya Alhaji ya faɗa, har wata tsohuwa ta ja jikarta baya daga kusa da ni. Wallahi Kawu ban ci ba. Ya ce ko in sa hannu a dinga yanke rabin albashina har shekara biyu, ko ya kira 'yan sanda. Na ƙi sa hannu. Na kwana biyu a caji ofis, aka ba da belina da sharaɗin in dinga zuwa kowace safiya. Hanyarmu kuwa a daminar nan ba ta zuwa da dawowa a yini ɗaya, shi ya hana ni zuwa in gaya maka da baki.

Amma akwai haske. Wani ma'aikacin madatsa da ke sayayya a wurinmu ya kwatanta mini ofishin leba a Kano, na je. Na sami wani jami'i, dattijo mai tabarau, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce doka ba ta yarda maigida ya yanke albashin ma'aikaci saboda asara haka kawai ba, sai an tabbatar sakacinsa ne ko ganganci, kuma sai da izninsu a rubuce. Ya duba littafina ya ce in riƙe shi da kyau. Ya sa mana ranar 6 ga Agusta, ni da Alhaji da Jibo. Ɗanmaliki ya yarda zai yi shaida ko da zai rasa aikinsa.

Abu ɗaya jami'in ya ja mini kunne a kai: kada a biya, don biya amsa laifi ne. Na san halinka, shi ya sa nake roƙonka. Kada ka biya Alhaji ko kwabo, ko ya same ka a kasuwa ya yi maka magana.

Ka yafe mini, Kawu, wannan watan ba ni da abin aikowa, an riƙe albashin.

Ɗanka,
Lukumanu

Gwangwan, 30 ga Yuli, 1991

Lukumanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina fata kana lafiya.

Takardarka ta yi kwana goma sha biyu a hanya. Motar Sulle ta kafe a rafi, ruwa ya shiga har kujeru, ya kawo ta a jiƙe, tawada ta zube. Hajo ta shanya ta, ta karanta mini abin da ya rage. Kaɗan ne, amma ya isa. Ka ce, "na ci kuɗin kanti, naira dubu uku da ɗari biyu." Akwai maganar 'yan sanda. Ka ce, "ka biya Alhaji." A ƙasa ka ce in yafe maka.

Na yi kwana biyu ban je masallaci ba. Ban san da wace fuska zan shiga sahu ba.

Ranar kasuwar Rogo na kora bajiman biyu da kaina. Dillalai sun ga idona sun san a matse nake, dubu uku da ɗari uku da hamsin suka tsaya. Na sallama. Na sami Gwadabe a rumfar masu hatsi inda yake saye, na ƙirga masa kuɗinsa a gaban mutum biyu. Da fari ya yi shiru yana kallona, har na zaci zai ƙi karɓa. Sai ya sa aka rubuta takarda cewa ɗana ya amsa ya ci, ni kuma na biya. Na dangwala yatsa. Ya ce, "Malam Halliru, kai mutum ne."

Ba a gama huɗar dawa ba aka tafi da su. Za mu yi abin da fartanya ta iya.

Ka ce in yafe maka. Na biya maka dai, ba za a ɗaure ka ba. Yafiya kuwa ka ba ni lokaci. Da yunwa ce ta sa ka, da ka faɗa, da na sayar da su tun farko na ba ka a hannu. Kada ka zo yanzu. Ban gaya wa kowa ba, amma kasuwa ta gani.

Halliru

Yaya Lukumanu, ni ce Hajo, wannan Baba bai san na ƙara ba. Gefen takardar na hagu duk ya tafi, kuma akwai layuka da yawa da ban iya karantawa ba. Na ga wani abu kamar "ofishin" da "littafina". Na ce masa mu jira ka sake rubutowa, ko a tura maigidana Karaye in ruwa ya janye. Ya ce kafin nan an kai ka gidan yari. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah ka rubuto da biro.

Karaye, 9 ga Agusta, 1991

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ga shi da biro.

Takardarka jiya ta iso. Amma tun ranar Talata na san abin da ke ciki, a Kano na ji shi.

Mun je ofishin leba kamar yadda aka sa. Na sa farar rigar da ka ɗinka mini bara, ga littafina a aljihu, ga Ɗanmaliki a gefena. Jibo ya kasa zama wuri ɗaya, sai gumi yake. Jami'in ya tambaye shi mabuɗi nawa ne, ya ce ɗaya, Ɗanmaliki ya ce biyu, Jibo ya ce to biyu ne amma nasa ya ɓata. Jami'in ya cire tabarau ya dube shi. Kawu, a lokacin nan na ji iska ta shiga ƙirjina, rabon da in ji haka tun Salla.

Alhaji bai ce komai ba sai da aka zo kansa. Ya zaro takarda daga aljihu ya ajiye a tebur. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san me ya kawo mu ba. Uban yaron da ya raine shi ya zo da kansa ya ce ɗansa ya rubuta masa ya ci, ya biya ni tun sati biyu. Ga yatsansa."

Na ce ƙarya ne. Na faɗa da ƙarfi har aka leƙo daga wani ofis. Na ce Kawuna ba zai yi haka ba. Sai aka karanto sunayen shaidu, mutanen da na sani tun ina yaro. Jami'in ya tambaye ni, "Ka rubuta masa takarda?" Na ce na rubuta. Ya rufe fayil ɗin a hankali, ya ce, "Ɗana, na gaya maka." Bai ko sake duban littafin ba.

Ga abin da na rubuta maka, ina da shi a ka. "An ce na ci kuɗin kanti." An ce. Bayansa na rubuta, "Wallahi Kawu ban ci ba." Na rubuta, "Kada ka biya Alhaji ko kwabo." Yafiyar da na nema ta kuɗin taki ce da ban aiko ba.

Na san ruwa ne ya ci takarda, ba kai ba. Amma Kawu, shekara ashirin da biyu ina gabanka. Ka aike ni kasuwa da kuɗin bajimi ina ɗan sha huɗu, na dawo maka da canjin sule biyu. Da aka karanta maka rabin layi, ba ka ce a'a, ba Lukumanu ba. Ka ce ya isa. Wannan ne ya fi korar da aka yi mini zafi.

Don an kore ni. 'Yan sanda sun ce magana ta mutu tunda an biya. Albashin wata biyu da aka riƙe, Alhaji ya ce ladan wahalar da na ba shi ne. Na nemi aiki a kanti uku, kowa ya ce sai ya yi shawara. Mai shayin da nake karyawa a wurinsa yanzu sai ya ƙirga kuɗina sau biyu.

Ka ce kada in zo. Ba zan zo ba. Karaye ma barinta zan yi. Allah ya mayar maka da shanunka.

Lukumanu

Gwangwan, 27 ga Oktoba, 1991

Yaya Lukumanu,

Assalamu alaikum. Ni ce Hajo, wannan karon da bakina nake rubutowa. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya a inda kake. Mu da yara lafiya, Baba ne dai sai addu'a. Takarda biyu na aika Karaye, Sulle ya dawo da su. Sai satin jiya Ɗanmaliki ya ce kana Funtuwa, a wurin gurzar auduga. Shi ma an sallame shi, yana dako a tasha.

Ranar da takardarka ta zo, sau uku Baba ya sa na karanta. A na ukun da na kai "An ce", sai ya ɗaga mini hannu. Sannan ya ce, "Kin ce mu jira, ko?" Na ce na faɗa.

Da hanya ta buɗe ya ce sai Karaye. Maigidana ya raka shi, shi ya ba ni labari. Sun tarar ka tafi da kwana huɗu. Baba ya shiga kantin da sandarsa, ga Jibo zaune a kan injin. Alhaji ya taso da fara'a, Baba ya ƙi ba shi hannu. Ya ce, "Gwadabe, ba kuɗi na zo karɓa ba, ka riƙe su. Takardar da na dangwala za ka ba ni, don ƙarya na shaida." Alhaji ya ce, "Haba Malam Halliru, maganar da ta wuce? Ni na ce ka zo ka biya?" Baba ya ce, "Ka san bai ci ba lokacin da nake ƙirga maka. Na ga ka yi shiru." Alhaji ya juya ya ce a kawo wa baƙi lemo, ya shige ciki. Baba ya zauna a bakin kantin har la'asar, Alhaji bai fito ba.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, Baba ya miƙe a masallaci ya ce jama'a su tsaya. Ya ce ɗansa Lukumanu bai ci kuɗin kowa ba, shi ne ya yi gaggawa ya shafa masa baƙi. Mutane suka ce Allah ya kyauta, suka watse. A bakin rijiya kuwa abin da mata ke cewa, tsoho ne ke rufa wa ɗansa asiri. Na yi faɗa da biyu, na gaji.

Dawar da ba a yi wa huɗa ba iska ta kwantar da rabinta. Gero ya yi dama-dama. Baba ya dage shi zai yi maimai da hannu, gwiwar ta kumbura, yanzu daga ɗaki sai zaure. Abinci sai na tsaya a kansa.

Sau da yawa yakan ce in ɗauko takarda zai yi maka magana. In na zauna sai ya ce, "Rubuta, ɗana Lukumanu." In rubuta. Can sai ya ce in bari sai gobe. Ina da irin waɗannan guda biyar a cikin kwalla.

Yaya, ni ma da laifina. Ni na karanta. Da na ce masa ba ta karantuwa gaba ɗaya, da duk haka ba ta faru ba. Kullum da wannan nake kwana.

Ka zo, ko na yini ɗaya ne.

Ƙanwarka,
Hajo

Funtuwa, 8 ga Disamba, 1991

Hajo,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Ina gaida Kawu da jiki, Allah ya ba shi sauƙi. Ina gaida maigidanki, ki yi masa godiyar rakiyar da ya yi. Ni lafiya lau. Buhunan auduga nake ɗauka daga mota zuwa sikeli, ana biyanmu duk sati. Kwanaki shugaban lebura ya ji na iya lissafi, ya ce in dinga riƙe kuɗin adashenmu. Na ce a ba wani.

Ki cire wa ranki. Abin da ke kan takarda kika karanta, kuma kin ce a jira.

Ga naira tamanin, a kai Kawu asibitin Rogo a duba gwiwar. Kada ki bari ya ce a mayar mini.

Abin da ya yi a masallaci na ji shi har cikin raina. Na san abin da miƙewar nan ta ci masa. Ki gaya masa na yafe, duniya da lahira, kuma ba don ki ji daɗi na rubuta ba. Shi ya raine ni, shanunsa ya sayar don kada a ɗaure ni, ban manta ba.

Zuwa ne ban iya ba tukuna. Sau biyu ina zuwa tasha. Na biyun har na shiga mota na biya. Da na tuna zan sauka a kasuwar Rogo in ratsa ta rumfar masu hatsi, in gaisa da mutanen da suka sa hannu a takardar, sannan in shiga zaure Kawu ya rasa inda zai sa idonsa, sai na sauko na bar musu kuɗin motar.

In ya sake cewa ki ɗauko takarda, ki ce masa ba sai ya faɗi komai ba, na ji. In kuma ya tambaye ki yaushe zan zo, kada ki sa masa rana.

Yayanki,
Lukumanu